Yunit Nawa Gidanka Ke Sha? Jagorar Lissafin Kuɗin Wuta ga Magidantan Ƙasar Daura

A hunturun da ya wuce na je gaishe da goggona a unguwar Sarkin Yara, cikin garin Daura, na tarar da gidan ba daɗi. Katin wutar da ya saba kai su mako uku, wannan karon ko mako biyu bai cika ba mita ta fara kuka. Goggo kuwa ta riga ta yanke hukunci: yaran maƙwabta masu kawo cajin waya su ne suka shanye mata wuta. Ta hana su, har an yi 'yar tsama da matar gidan da ke jikin nasu, wadda suka shekara ashirin suna miƙa wa juna tuwo ta kan katanga.

Na nemi takarda da biro, muka bi gidan ɗaki-ɗaki ina rubuta duk abin da ake jonawa. A bayan ɗakin girki na ga bokitin roba an gitta masa kara a baki, an rataya hita a jikin karan, ruwan yana ta tururi. Na zare ta daga soket, na kankare farin abin da ya daskare a mariƙinta, sai ga rubutu ya fito: 1500W.

Na ce, "Goggo, ga mai laifin nan."

Ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ɗan guntun ƙarfen? Ai ko ludayi bai kai ba."

Na ce, "Allah ya ja kwananki, bokiti ɗaya da take ɗumama miki ya kai cajin waya talatin."

An bar jaki ana dukan taiki. Kuma ba gidan Goggo kaɗai ba, haka abin yake a gidaje da yawa daga Daura zuwa Sandamu, Zango, Ɓaure da Mai'adua. Muna biyan kuɗin wuta kamar wanda ke sayen hatsi a rufaffen buhu, bai ga awo ba, bai san tiya nawa aka zuba masa ba. Alhali kuwa kuɗin wuta ba gaibu ba ne. Lambobi uku ne kacal suke haifar da shi: ƙarfin abin da ka jona, tsawon lokacin da ya yi yana aiki, da farashin yunit. Wanda ya iya lissafin kuɗin cefane zai iya wannan.

Yunit, tiyar awon wuta

Kowane kayan lantarki yana da nasa cin, kuma ana auna cin nan da wat. Ka ɗauki wat kamar faɗin bakin famfo: wani yana ɗiga, wani yana kwarara. Amma abin da ɗan garuwa zai caje ka ba faɗin bakin famfo ba ne, yawan jarkar da aka cika ne. Jarkar wuta ita ce yunit, wadda ake rubutawa kWh a fuskar mita da jikin rasit.

Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 ya yi aiki awa ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 zai shanye yunit ɗaya cikin awa guda. Ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi awa 100 a kunne kafin ya sha wannan yunit ɗin. Ga ƙa'idar, ka haddace ta:

wat × awa ÷ 1,000 = yunit

Sauran duk abin da zai biyo baya gini ne a kan wannan layi guda.

Mataki na ɗaya: ƙidaya kayanka, ka karanta cinsu

Ɗauki takarda ka ja layi huɗu: sunan kaya, guda nawa, wat nawa, awa nawa a rana. Ka bi gidan da kanka, har ɗakin samari da ke zaure, har ɗakin amarya, don abin da ka manta da shi sau da yawa shi ne babban maciyi.

Wat ɗin kowane abu yana rubuce a jikinsa, lamba ce da harafin W a gabanta: a ƙasan dutsen guga, a bayan talabijin, a 'yar takardar da aka manna a bayan firji ko cikinsa, a gindin ƙwan fitila. In ka ga kW, to dubbai ake nufi, 1.5kW shi ne wat 1,500. In babu W sai lamba da harafin A, ka ninka ta da 230, wato ƙarfin wutar gida a Nijeriya. Firjin da aka rubuta masa 0.7A yana cin kimanin wat 160.

In rubutun ya goge, ga abin da aka fi samu a kasuwanninmu, ka yi amfani da shi a matsayin kintace:

- ƙwan fitila na zamani, mai LED: wat 5 zuwa 15
- tsohon ƙwai mai jan haske da zafi: wat 60 zuwa 100
- fankar sama: wat 60 zuwa 80
- fankar tsaye: wat 45 zuwa 60
- talabijin mai shafaffen allo tare da dikoda: wat 60 zuwa 100
- cajar waya: wat 5 zuwa 20
- firji ko firiza na gida: wat 100 zuwa 250
- dutsen guga: wat 1,000 zuwa 2,000
- hitar ruwa, butar lantarki, rishon lantarki: wat 1,000 zuwa 2,000
- sumo mai doki ɗaya na jan ruwan burtsatse: kimanin wat 1,000
- na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi: kimanin wat 1,200

Tun daga nan ka ga gidan ya rabu biyu. Masu haske da masu iska da masu magana suna cin goma-goma. Masu zafafawa da masu sanyayawa da masu jan ruwa suna cin ɗaruruwa da dubbai.

Mataki na biyu: awannin gaskiya

A nan ne yawancin masu lissafi suke zamewa. Wuta ba ta kwana ta yini a yawancin unguwanninmu, don haka kada ka rubuta wa fanka awa ashirin da huɗu alhali awa goma aka kawo wutar. Ka yi mako guda kana rubuta lokacin da aka kawo da lokacin da aka ɗauke. Wannan aikin yara 'yan makaranta suna jin daɗinsa, ka ba ɗaya daga cikinsu. Takardar za ta yi maka amfani biyu, kamar yadda za ka gani a gaba.

Abu biyu suna bukatar lura. Na farko firji. Injinsa yana tashi ne ya huta, ka kasa kunne za ka ji. Inda wuta ke zama, yakan yi aiki kamar rabin lokacin. Amma a nan wurinmu, inda ake ɗauke wuta kayan ciki su huce, in an kawo sai ya yi ta gudu ba hutu, balle a watan Afrilu da zafin Daura ke haura digiri 40. Saboda haka ka ba shi kashi biyu cikin uku na awannin da wuta ta yi. Na biyu abin da ba kullum ake amfani da shi ba. In ana guga sau ɗaya a mako, ranar Alhamis don kayan Juma'a da na makaranta, awa uku da rabi, sai ka raba da bakwai, ya zama rabin awa a kullum.

Mataki na uku: nawa ake sayar maka da yunit?

Har yau "NEPA" muke cewa, amma tun watan Nuwamba na 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu. Mu a jihar Katsina, tare da Kano da Jigawa, kamfanin KEDCO ne yake ba mu. Farashi kuwa hukumar NERC ce ke amincewa da shi, kuma tun 2020 ta kasa masu amfani da wuta rukuni biyar, gwargwadon awannin da aka yi alƙawarin ba su a kullum: rukunin A awa 20 ko fiye, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Rukuninka ya danganta ne da babban layin da ke ciyar da tiransifomar unguwarku, ba da girman gidanka ko ƙanƙantarsa ba. Shi ya sa za ka ga gidaje biyu titi ne kawai ya raba su, amma farashinsu ya sha bamban.

A farkon Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane yunit. A watan Mayu aka sauko da shi zuwa naira 206.80, a watan Yuli kuma ya koma naira 209.50. Sauran rukunan ba a yi musu wannan ƙarin ba a lokacin, suka ci gaba da biyan abin da bai kai sulusin wancan ba. A kan kowane farashi kuma ana ɗora harajin VAT, kashi 7.5 cikin ɗari, tun watan Fabrairun 2020.

Farashi yana canzawa, don haka kada ka dogara da ji-ta-ji-ta, rasit ɗinka na ƙarshe shi ne shaida. Hanya mafi sauƙi: raba kuɗin da ka biya da yunit ɗin da aka ba ka. In ka sayi katin naira 10,000 aka ba ka yunit 155, to yunit ɗinka yana naira 64.50 har da haraji, wato naira 60 kafin haraji. In yunit 44 da ɗan ɗori aka ba ka, kana rukunin A ke nan a farashin Yulin 2024, wato kimanin naira 225 har da haraji. In kuwa abin da aka ba ka bai yi daidai da na maƙwabcinka da kuke tiransifoma ɗaya ba, duba rasit da kyau, mai yiwuwa ana cire tsohon bashi ne daga kuɗin kafin a ba ka yunit. Wannan ba farashi ba ne, biyan bashi ne, ka ware shi daban. Tsayayyen kuɗin nan na wata-wata da ake biya ko an sha wuta ko ba a sha ba, tun Fabrairun 2016 aka soke shi.

Mu gwada da gida guda

Mu ɗauki gidan wani malamin makaranta a Tudun Wada, mai ɗaki uku da falo, a lokacin bazara, ana ba su wuta awa 12 a rana. Mu ƙaddara rasit ɗinsa ya nuna naira 60 kafin haraji.

- ƙwai 8, wat 10 kowanne, awa 5: yunit 0.4
- fankar sama 3, wat 75 kowacce, awa 10: yunit 2.25
- talabijin da dikoda, wat 80, awa 5: yunit 0.4
- firji, wat 150, awa 8: yunit 1.2
- dutsen guga, wat 1,000, rabin awa: yunit 0.5
- sumo, wat 1,000, rabin awa: yunit 0.5
- waya 5, wat 10 kowacce, awa 2: yunit 0.1

Jimillar rana guda yunit 5.35. A kwana 30, yunit 160.5. Ninka da naira 60, ya ba da naira 9,630. Ɗora haraji, naira 722, ya zama naira 10,352. Katin dubu goma zai kai shi daf da ƙarshen wata.

Da a ce wannan gidan yana rukunin A ne, yunit 160.5 ɗin nan za su tashi a naira 36,147. Kuma ba nan zai tsaya ba, domin inda wuta ke yin awa 20, fanka da firji su ma awanninsu ƙaruwa suke yi. Duk wanda aka mayar da layinsu rukunin A, ya sake lissafinsa tun daga tushe a makon farko, kada ya jira kati ya ba shi mamaki.

Yanzu sake duba jerin nan da idon basira. Wayoyin gidan gaba ɗaya yunit 3 suke sha a wata, ƙasa da naira 200. Gugar rabin awa ta kai cajin wayoyin gidan na kwana biyar. Fanka kuwa, da ba a cika zarginta ba, ita ce ta ɗauki fiye da kashi 40 cikin ɗari, ba don cinta ya yi yawa ba, sai don ba ta hutawa. Ƙaramin ci na dogon lokaci da babban ci na ɗan lokaci, duk kan mita suke ƙarewa.

Bazara da hunturu: inda lissafi ke juyawa

Gida ɗaya ba ya shan wuta iri ɗaya a shekara, don haka lissafi biyu za ka yi, na zafi da na sanyi.

A bazara, ka ce malamin nan ya sa na'urar sanyaya ɗaki mai wat 1,200, yana kunna ta awa 6 a dare. Yunit 7.2 ke nan a rana, 216 a wata. Ita kaɗai ta fi duk sauran gidan ci. A farashin naira 64.50 ta ƙara masa kusan naira 14,000, a rukunin A kuma ta haura naira 48,000. Kafin ka tambayi kuɗin sayenta a kasuwa, fara tambayar kuɗin ciyar da ita.

A hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, fankoki suna tsayawa, sai mutum ya zaci ya huta. Nan hita ke shigowa. Ruwa abu ne mai wuyar zafafawa: bokiti mai lita 20, kafin ya tashi daga sanyin asuba zuwa ɗumin wanka, sai ya sha kimanin yunit 0.7, wato kusan rabin awa ga hita mai wat 1,500. Gidan da ake ɗumama bokiti biyar a rana yana shan yunit 3.5, wato 105 a wata. Abin da aka tsira da shi na fanka, yunit 2.25 a rana, hita ta cinye har ta ƙara. Abin da ya faru a gidan Goggo ke nan. Kuma tunda maganar hita ta zo: kada kowa ya sa hannu a ruwa don jin ɗuminsa tana jone, kada a bar ta inda yara ke rarrafe, kada a jona ta a wayar da aka ɗaɗɗaure da leda. Wannan ya wuce maganar kuɗi, maganar rai ce.

Rishon lantarki ma haka yake. Mai wat 1,500 da ake girki da shi awa biyu a rana, yunit 90 ne a wata. A watan azumi, lokacin da firiza ba ta hutawa saboda ƙanƙara da zoɓo, girki kuma ya ƙaru, ka ware wa wuta wani abu daban a kasafin watan.

In ragewa kake so, fara da manya. Amma akwai ƙaramin gyara guda mai saurin biyan kansa: tsoffin ƙwayaye. Guda 8 masu wat 60, awa 5 a dare, yunit 2.4 ne, alhali na zamani 0.4 suke sha. Bambancin yunit 60 ne a wata, naira 3,870 a farashin misalinmu. Cikin wata biyu ko uku sababbin sun fanshi kansu.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Lissafin takarda kintace ne, mita ce alƙali. Mai mitar kati ya zaɓi lokaci guda, misali bayan sallar Isha'i, ya rubuta yunit ɗin da ya rage. Gobe war haka ya sake rubutawa. Bambancin shi ne cin gidansa na rana. Ya yi haka kwana bakwai, ya tara, ya raba da bakwai. In sakamakon ya yi kusa da na takarda, ko da ya ɗan haura ko ya ɗan gaza, to lissafinsa ya yi. In tazarar ta yi yawa, akwai abin da ya ɓoye: ko wani kaya da ba a rubuta ba, ko tsohon firji da robar ƙofarsa ta saki injin ba ya hutawa, ko wayar da ta ratsa katanga ba da saninka ba.

Akwai kuma gwajin minti ɗaya. Yawancin mitoci suna da wata 'yar jar fitila mai ƙyaftawa, kusa da ita an rubuta lamba da haruffan imp/kWh. In lambar 1000 ce, to ƙyaftawa dubu ita ce yunit ɗaya. Kashe komai, ka kunna abu guda, ka ƙirga ƙyaftawar minti ɗaya, ka ninka da 60, ka sami wat ɗinsa na gaskiya. Ƙyaftawa 20 a minti, wat 1,200 ke nan. In lambar 1600 ce, ninka da 37.5 a maimakon 60. Sannan ka yi babban gwajin: zare komai daga soket, kashe kowace fitila, ka zuba wa 'yar fitilar ido minti biyar. In ta ci gaba da ƙyaftawa, wuta tana zurarewa ta wani wuri, nemo ƙwararren mai gyaran wuta. In mitarka tana can saman falwaya, kada ka hau, yi amfani da lambobin da ke fitowa a 'yar na'urar cikin gida. Kuma kada wani ya ruɗe ka da zagaye mita. Laifi ne mai tara, wayoyin da ake jonawa a ɓoye kuma suna cikin abubuwan da ke haddasa gobara.

Wanda ba shi da mita

Gidaje da yawa, musamman a ƙauyuka, har yanzu takardar ƙiyasi ake kawo musu. Su ma lissafin nan nasu ne, har sun fi kowa bukatarsa. Tun Fabrairun 2020 hukumar NERC ta ƙayyade iyakar yunit ɗin da za a iya rubuta wa marar mita, kuma tana fitar da jerin iyakokin lokaci-lokaci, gwargwadon abin da masu mita a yankin suke sha. Ba wasa take yi da wannan doka ba: a Fabrairun 2024 ta hukunta kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya na ƙasar nan da fiye da naira biliyan 10 saboda ƙetare iyakar.

In takarda ta zo, kada idonka ya faɗa kan jimillar ƙasa kawai. Nemo abu huɗu: yunit ɗin da aka rubuta maka na watan, farashin yunit, haraji, da tsohon bashi. Ninka na farko da na biyu ka ga ko ya yi daidai. Sannan ka kwatanta yunit ɗin da naka lissafin. In takardarka ta ce 90, tasu ta ce 300, kana da abin faɗa. Rubuta ƙorafi zuwa sashen kula da abokan hulɗa na kamfanin, ka haɗa jerin kayanka da takardar awannin da yaronka ya rubuta, ka riƙe kwafi. In kwana 15 na aiki suka wuce ba a warware ba, akwai zauren sauraron ƙorafi na hukumar NERC, sama da shi kuma ita hukumar kanta. Wanda ya je da ihu, haƙuri za a ba shi. Wanda ya je da lambobi, dole a zauna da shi. Takardar awannin nan ita ce kuma hujjarka in ana karɓar kuɗin wani rukuni a hannunka alhali ba a cika maka awanninsa. Bayan haka, ka nemi mita, domin ita kaɗai ke raba gardama.

Gidan haya, sana'ar gida da janareta

Tun da aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri a Daura, gidajen haya na ɗalibai da ma'aikata sun ƙaru, yawanci mita ɗaya mutum da yawa. Rabon daidai-wa-daida shi ne mafarin faɗa. A ce mutum uku ne: na farko fitila da fanka kawai, yunit 40, na biyu ya ƙara firji, yunit 70, na uku yana da risho, yunit 130. Jimilla 240, kuɗinsu naira 15,480. In aka raba uku, kowa zai ba da 5,160. In aka bi awo, na farko 2,580, na biyu 4,515, na uku 8,385. Kun ga ashe na farko ninki biyu yake biya, yana ciyar da tukunyar wani bai sani ba. Haƙƙi ne wannan, kuma haƙƙin maƙwabci ba ƙaramin abu ba ne a addininmu. Ku zauna tare ku rubuta kayan kowa, a manna takardar kusa da mita, duk wanda ya sayo sabon abu a gyara.

Uwargida mai sayar da ƙanƙara, zoɓo ko kunun aya, ita ma ta sa wuta cikin uwar kuɗinta. Firiza mai wat 200 da ke aiki awa 10 tana shan yunit 2 a rana, naira 129 a farashin misalinmu, naira 450 a rukunin A. In ƙulli 40 take fitarwa, kowane ƙulli ya ɗauki kimanin naira 3 ko naira 11. Da sanin wannan za ta san ribarta ta gaskiya, maigida kuma zai daina ƙorafin da ba shi da ma'auni. Haka tela, mai aski da mai cajin waya a bakin kasuwa.

Janareta kuwa, ƙaramin na fetur da wuya ya ba ka fiye da yunit biyu a lita guda. In lita tana naira 1,000, yunit ɗinsa ya kai naira 500 ko fiye, ban da baƙin mai da gyara. Ko rukunin A bai kai rabin wannan ba. Saboda haka duk aikin da ke cin wuta da yawa, guga ne ko jan ruwa, a yi shi lokacin da aka kawo wuta. Mai niyyar sa sola ma, takardar jerin kayan gidansa ce farkon abin da mai haɗawa na ƙwarai zai tambaye shi.

Da na koma gidan Goggo bayan ƙaramar Sallah, na ga takardar nan tana nan an soke ta da ƙusa a bayan ƙofar falo, jikarta ta cika ta da lambobi, kowane dare layi guda. Hita ta koma ruwan wankan Baba tsoho da na jariri kawai, sauran kuwa ana ɗora tukunya a kan ragowar garwashin murhu. A kan tagar ɗakinta na ƙirga waya shida jere a caji, biyu kaɗai ne na 'yan gidan.

Na ce, "Goggo, na ga baƙinki sun dawo."

Ta ce, "Ɗan nan, rashin sani ya fi dare duhu. Na kusa ɓata zumuncin shekara ashirin a kan abin da bai kai kuɗin gishiri ba. Kai dai tashi ka duba mini, yunit nawa ya rage?"